Takalmin Tatay Sebio

Santa Rufina, Batangas
3 ga Yuli

Zuwa ga yayata, Ate Luningning,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Jidda, ya majinyatanki? Mu nan lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Mun kai wasan ƙarshe na kofin besbol na lardi. Mu ɗin nan, Manoman Rake na Santa Rufina, waɗanda ake cewa ko akuya aka miƙa wa sanda za ta fi mu bugu. Ƙaninki ne ya tsuguna bayan mai bugu yana cafke ƙwallo daga farko har ƙarshe, gwiwoyina har yanzu ba su yafe mini ba. Wasa uku za a yi, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi. Kin san da wa? Da 'yan Injin Sukari, ƙungiyar Ninong Procopio, wato Kopyong, ubanki na baftisma, wanda har gobe shi ke horar da su.

Gari ya ruɗe, kuma kowa ƙafar Tatay, mahaifinmu, yake kallo. Ɗazu ya sake ba mu labarin, sai ka ce ba mu haddace ba. Yadda shekara ashirin da shida da suka wuce ya taso a guje daga tasha ta uku, ta ƙarshe, zai shiga gida, inda ake cin maki, da makin da zai ba mu kofi, sabon takalminsa ya zame, ya faɗi, amininsa Kopyong ya dangwara masa ƙwallo a baya, aka fitar da shi. Yadda ya cire takalmin a tsakiyar fili, ya wuce coci, ya durƙusa gaban mutum-mutumin waliyyi San Roque ya yi alkawarin ba zai ƙara sa takalmi ba sai Santa Rufina ta ci kofi. Da ya kai wurin faɗuwar sai ya yanke labarin, kamar kullum, ya ce a ƙara masa kofi mai ɗaci.

Ate, ki fara neman takalmi. Lamba arba'in da biyu yake sawa a da, amma ƙafar ta baje, ki ƙara ɗaya.

Ɗan abin da na ce ba a rasa ba shi ne, ya taka kututturen rake a gona, ya ɗan huda tafin ƙafarsa ta hagu. Yana wankewa da ruwan ganyen gwaba. Kada ki ɗaga hankalinki, kin san ƙafar Tatay, ƙusa ma lanƙwashewa take yi.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Santoy

Jidda
12 ga Yuli

Santoy,

Bayan gaisuwa, na gode Allah da jin kuna lafiya, kuma na taya ku murna. Na gama taya ku murna ke nan, yanzu ka buɗe kunnenka.

Shafi guda ka cika mini da gwiwoyinka da akuya, sannan ka liƙa maganar da ta fi komai a gindin takarda kamar wanda ya manta gishiri. Tatay yana da ciwon suga. Ka manta ne, ko ƙwallo ta taɓa kanka? Mai ciwon suga ba ya jin zafin ƙafa, shi ya sa yake ce muku ba komai. A ɗakin da nake aiki a nan, duk mako sai na ga irin wannan ɗan hujin da aka raina. Na san inda yake ƙarewa, kuma ba zan rubuta maka ba.

Ka amsa mini waɗannan, kada ka yi mini wasa. Wurin yana wari? Gefensa ja ne ko ya fara duhu? Ƙafar ta kumbura? Yana zazzaɓi?

Ka kai shi asibitin lardi. A wanke, a ɗaure, ya daina taka ƙasa da ita. In ya kawo maganar alkawari ka kira Padre, limamin cocinmu, ya warware masa. Mutumin nan ya zo bikin gama karatuna ba takalmi, ina jin 'yan ajinmu suna ƙus-ƙus, na haɗiye. Ya bi gawar Inay, mahaifiyarmu, har makabarta a kan kwalta mai zafi ba takalmi, na haɗiye. Wannan kam ba zan haɗiye ba.

Na sayi takalmin, baƙi ne, na fata mai laushi, irin wanda ake yi wa masu ciwon suga. Na ba mijin Aling Marcosa da zai dawo gida wannan makon. Ba na ranar kofi ba ne, na yanzu ne.

Ka gaishe shi, ka ɗora hannunsa a goshinka a madadina.
Yayarka, Luningning

Santa Rufina
24 ga Yuli

Ate Ning,

Gaisuwa da fatan alheri. Takalmi ya iso. Tatay ya buɗe kwalin, ya shafa fatar, ya sansana, ya ce, "Yarinyar nan ta san kaya." Daga nan ya mayar ya rufe, ya ɗora a kan kabad kusa da hoton Inay. Can yake har yanzu.

Ga amsoshinki. Yana wari, ba sosai ba, amma in ka matso za ka ji. Gefen ya fara duhu. Ta kumbura har idon sawu. Zazzaɓi kuwa ya ce babu, kuma ba ya barin a taɓa goshinsa.

Na kai shi asibiti da dabara, na ce kayan wasa za mu saya a birni. Likita ta duba, ta kalle ni irin kallon da kike mini, ta ce a kwantar da shi yau. Tatay ya ce, "Har yaushe?" Ta ce sai yadda ta gani. Ya ce, "To ki gani bayan kofi," ya sauko daga gadon. Da ƙyar ya bari ta wanke. Da ta zo naɗa bandeji ya riƙe hannunta, ya ce ta rufe sama yadda take so, amma ban da tafi. Wai duk abin da ya shiga tsakanin tafin ƙafarsa da ƙasa takalmi ne, ko da wane suna aka kira shi.

Na kawo Padre gida kamar yadda kika ce. Ya yi magana mai daɗi, ya ce Ubangiji ba ya son mutum ya halaka kansa, kuma shi a matsayinsa ya sauke masa alkawarin. Tatay ya bari ya gama, sannan ya ce, "Padre, da kai na yi alkawarin? Ranar da na yi shi kana tsotsar yatsa."

Padre ya ce, "Mang Sebio, San Roque waliyyin marasa lafiya ne, ba zai so ka rasa ƙafa ba."

Ya ce, "Shi nasa gyambon ka taɓa ganin ya rufe? Ga shi can a coci ya ɗage riga yana nuna wa duniya da yatsa, karensa na gefe. Ni ne zan fi shi tsoron ciwo?"

Padre ya sha kofinsa ya tafi.

Sauran labarin ma ba daɗi. Yau aka yi wasan farko, sun ci mu shida da biyu. Jikan Ninong, Nonilon, shi ke musu jifa, yaron nan hannunsa kamar majajjawa. Sau uku na riƙe sanda, sau uku iska na buga. Tatay yana zaune a bakin fili a kan bencinsa, ƙafar nan a cikin ƙura, ƙudaje na bi. Da aka tashi ya dafa kafaɗata muka tafi, kuma na ji nauyinsa ya fi na da.

Ate, in suka ƙara cin mu ɗaya, shi ke nan sai wata shekara. Ban san ko ƙafar za ta kai wata shekara ba. Tsoro nake ji, ke kaɗai na gaya wa. An ɗage wasa na biyu saboda ruwa ya cika fili.

Naki, Santoy

Jidda
2 ga Agusta

Zuwa ga Ninong Procopio Macatangay,

Ina gaishe ka da girmamawa, na ɗora hannunka a goshina daga nesa. Ina gaida matarka Ninang da dukan gida. Allah ya ƙara lafiya da tsawon rai.

Ninong, kai ka riƙe ni a hannu ranar da aka zuba mini ruwan baftisma, ka yi alkawarin zama mini uba in na rasa inda zan dafa. Ban taɓa zuwa ƙofarka da roƙo ba sai yau.

Ka san halin da ƙafar Tatay take ciki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina gaya maka abin da na sani: in ba a kwantar da shi a asibiti nan kusa ba, zai rasa ƙafar, in abin ya shiga jini kuma har ransa. Ba zai kwanta ba, ba zai rufe ta ba, sai Santa Rufina ta ɗauki kofi. Ku kun ɗauka har kun rasa inda za ku ajiye. Kofi ɗaya ba zai rage ku da komai ba, mu kuwa uba ɗaya ya rage mana.

Ba na cewa ku zubar da wasa a fili kowa ya gani. Ka hutar da Nonilon, ka ce hannunsa na ciwo. Ka sa yaran da ba su goge ba. Kai ka fi ni sanin yadda ake yi. Babu wanda zai sani, ko Santoy ban gaya wa ba.

In na yi rashin kunya ka yafe mini. 'Ya ce ke roƙon ran ubanta a wurin amininsa.

'Yarka, Luningning

Injin Sukari
11 ga Agusta

'Yata Luningning,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Ninang ɗinki tana gaishe ki.

Abu biyu zan gaya miki, duka ba masu daɗi ba.

Na farko, ba zan yi ba. Ba ki san abin da kika roƙa ba, shi ya sa ban yi fushi ba. Ni na taɓa ubanki da ƙwallo ranar da ya faɗi. Yana kwance a ƙasa yana kallona, ina kallonsa, 'yarsa na hannun matata a cikin 'yan kallo. Da na yi jinkiri ƙiftawar ido ɗaya, da ya kai hannu gida. Ban yi ba. Saboda haka ne har yau yake kirana Pare, wato amini, yake cin abinci a gidana. Da na sassauta masa, da ya daina gaishe ni har kabari.

Na biyu, wasiƙarki ba a hannuna ta fara faɗawa ba. Ninang ɗinki ta ga tambarin ƙasar waje ta buɗe, ta karanta, ta yi kuka, sannan ta je kasuwa. Kin san bakinta. Ban san iya inda maganar ta kai ba, amma jiya mai aski ya tambaye ni ko hannun Nonilon na ciwo.

Na je na ga Sebio. Tun daga ƙofa na ji abin da kike faɗa. Na ce, "Pare, bar shirmen nan ka je asibiti." Ya ce, "Ka zo leƙen asiri ne ko shan kofi?" Muka sha kofi.

Abin da zan iya yi masa shi ne abin da na saba yi masa. Ki yi addu'a.

Ninong ɗinki, Procopio

Santa Rufina
15 ga Agusta

Ate,

Gaisuwa. Ban da lokacin tsawaita ta.

Me kika yi? Ke da kika fi mu karatu, ke da kike ce mini ƙwallo ta taɓa kaina, me kika yi mana?

Jiya muka ci wasa na biyu, biyar da ɗaya. Da guminmu muka ci, na rantse da kabarin Inay. Nonilon ne ya yi jifa, kuma mun gano shi, in zai murɗa ƙwallo sai ya ɗan sauke kafaɗa. Mako biyu muna kwana muna tashi da wannan. Amma a zagaye na biyar wani ɗan Injin ya saki ƙwallo mai sauƙi daga hannunsa, irin abin da ke faruwa da kowa in rana ta shiga ido. Sai wani daga cikin 'yan kallonsu ya ɗaga murya, "Saƙon Jidda ya iso!" Kafin ka ce me, duk ɓangarensu sun ɗauka. "Jidda! Jidda!" Kowane maki muka ci, "Jidda!" Ni ban ma gane ba, sai da Temyong, ƙaramin cikinmu, ya ja ni gefe ya ce, "Kyaftin, wai da gaske yayarka ta roƙa mana?"

Na juya wajen bencin Tatay, babu kowa. Shi kaɗai ya tafi gida da ƙafar nan.

Na same shi zaune gaban kabad. Na ce, "Tay, mun ci." Ya ce, "An ba ku." Na ce wallahi ba a ba mu ba. Ya ce, "Kai ka sani? Kana cikin zuciyar yaron da ya saki ƙwallon?" Sai ya sauko da kwalin takalmin ya tura mini, ya ce, "In kofin sadaka ne, ku kai wa wadda ta roƙo shi. Ba zan tsaya gaban San Roque da ƙarya a ƙafata ba."

Kin ga inda kika ajiye mu? In aka ci mu, ba zai sa ba. In muka ci, ba zai sa ba. Da ƙofa ɗaya muke da ita, kin zo kin toshe.

Yaran ma sun karaya. Biyu sun ce ba za su buga na ƙarshe ba, ba za su zama abin dariya ba. Gida-gida nake bi ina lallashi.

Tunda kina son a gaya miki gaskiya, ga ta. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ba ya iya zuwa gona. Gobe bikin San Roque, ya ce sai ya bi jerin gwano, kuma babu mai hana shi. Rediyo na cewa guguwa na tafe, in ta zo za a sake ɗage wasa.

Na mayar da kwalin kan kabad. Bai hana ni ba, iyakar abin da zan iya ce miki ke nan.

Santoy

Jidda
24 ga Agusta

Ƙanina Santoy,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Duk abin da ka faɗa na cancanta. Na daɗe a wuraren da ake gyara abu da magana a bayan labule, har na manta irin gidan da na fito. Na yi kuskure, na zubar muku da gumi. Amma kada ka jira in ce na yi nadamar son Tatay ya rayu. Da za a ce in na durƙusa a tsakiyar filinku duk lardi na yi mini ihu ƙafarsa za ta warke, da yau zan durƙusa.

Na nemi hutu, an ce sai Disamba. Na yi kuka a ofis, abin da ban taɓa yi ba, bai canza komai ba.

Yanzu ka saurara. Kullum da safe ka ɗage wandonsa ka duba ƙwaurinsa, ko yana zaginka. In ka ga jan layi yana hawa sama, ko ya fara rawar sanyi, ko yana magana ba kan gado, kada ka tambaye shi, kada ka jira wasa. Ka kira maza huɗu ku ɗauke shi. Gara ya tsine mana yana da rai.

Ka ce masa Ninong ya ƙi. Na sa wasiƙarsa a cikin wannan, ka karanta masa. Na san zai ce takarda ce kawai, kowa na iya rubutawa.

Ku buga wasanku, Santoy. Ban san me ya rage in ce ba.

Yayarka mai kunya, Ning

Asibitin lardi
5 ga Satumba

Ate Ning,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kishingiɗe nake, an naɗe mini ƙirji. Kada ki firgita, haƙarƙari ne ya tsage, zan gaya miki yadda aka yi. Tatay yana ɗakin da ke kallon nawa.

Na karanta masa wasiƙar Ninong. Kamar yadda kika ce, ya ce takarda ce. Guguwa ta zo ta kwashe rufin rumfar fili, aka yi ta ɗagewa har jiya. Jiya da safe na ɗage wandonsa, na ga jan layin, ya wuce idon sawu. Jikinsa zafi kamar murhu. Na ce, "Tay, yau kam ɗaukarka za mu yi." Ya riƙe wuyan rigata ya ce, "Ka kai ni fili. In aka tashi, ko waye ya ci, ku kai ni inda kuke so." Ate, na saɓa miki. A amalanke muka kai shi, na ɓoye kwalin a ƙarƙashin buhu.

Ninong ya shigo fili bai gaida kowa ba. Ya wuce ta gaban Tatay ko kallo. Tun ba a fara ba 'yan ɓangarensu suka soma "Jidda! Jidda!"

Zagayen farko na ɗauki sanda na tsaya. Na ga Ninong ya shafa ƙirjinsa da hannu, alama yake wa jikansa. Nonilon ya girgiza kai. Ninong ya sake shafawa. Yaron ya ja baya ya sako ƙwallo da duk ƙarfinsa, ba wajen sanda ba, cikin haƙarƙarina. Na ji ƙas, na zube, numfashi ya ƙi zuwa. Ina kwance na ji muryar Ninong har ƙarshen fili: "Ka aika wa yayarka wannan a Jidda!"

Fili ya kacame. Yaranmu suka yo kan Ninong, aka riƙe su. Aling Marcosa ta jefe shi da ludayi. Ni kuwa ina rarrafe zuwa tasha ta farko, wadda doka ke ba wanda ƙwallo ta buga, ladan haƙarƙarina ke nan, sai na ji wani yana dariya. Tatay ne, a cikin amalanke, yana dukan katako yana cewa, "Yawwa! Kopyong ya zo wasa!"

Daga nan babu wanda ya ƙara ambaton Jidda. Ninong ya yi mana duk muguntar da doka ta yarda da ita, da wadda take kawar da kai. Ya yi wa alƙali ihu a fuska har aka kusa korarsa. Masu gudunsa suna shigowa gida da ƙafa a sama, ɗaya ya yage mini ƙwauri. Da wani yaronsa ya yi sakaci, ya fitar da shi nan take, ya zage shi a gaban uwarsa. Duk numfashin da na ja kamar wuƙa, amma da mai horar da mu ya ce in fita na ce sai dai a ja ni.

Zagayen ƙarshe, uku da uku, an fitar mana da mutum biyu, saura ɗaya. Ni ina tasha ta uku. Kin ji, Ate? Tasha ta uku. Na ƙi kallon amalanke. Temyong ne da sanda. Sau biyu ya buga iska. Na uku ya taɓa ta, 'yar taɓawa, ta gangara gaban Nonilon, ni kuwa na riga na taso. Ban ga komai ba sai mai cafkensu ya tare hanya yana jiran ƙwallo. Na yi sufa ta gefensa a kan haƙarƙarin nan, na miƙa hannu. Na ji ya buge ni a baya, amma tafina na kan farantin gida. Ƙura ta lafa. Alƙali ya buɗe hannuwansa biyu, alamar na riga ƙwallo.

Ban iya gaya miki ƙarar ba. Na ga tsofaffi suna kuka kamar yara. Na ga Ninong ya yi jifa da hularsa, ya shuri bokitin ruwa, ya bi alƙali yana rantsuwa an zalunce shi, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ba wasan kwaikwayo ba ne, na san kukan wanda aka ƙwace wa abu. Nonilon ma kuka yake.

Tatay ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Santoy, ina kwalin da ka ɓoye a ƙarƙashin buhu?"

Ni na sa masa na dama. Na hagu ya ƙi shiga saboda kumburi, na zare igiyar duka, ya cije leɓe ya tura. Ya ce a kai shi tasha ta uku. Muka sauke shi a can, ya ce kowa ya matsa. Ya fara takowa, yana jan ta hagun, sabon takalmi na ƙara. A tsakiya ya yi tangaɗi, na zabura, ya harare ni na tsaya. Da ya kusa, sai ga Ninong ya taso ya tsaya a bayan farantin, inda ya tsaya a wancan karon, ido jajur. Tatay ya ɗora ƙafa a kai, gwiwarsa ta saki, Ninong ya tare shi.

Ya ce, "Ka iso, Pare."

Tatay ya ce, "Da ka kauce mini da na kashe ka."

Ninong ne ya goya shi har mota. A hanya ya dube ni ya ce, "Ya haƙarƙarin?" Na ce yana nan. Ya ce, "Na ce wa yaron ya yi ƙasa-ƙasa, kada ya sami kai."

Sai da aka yanka bayan takalmin hagun kafin ya fita. Likita ta duba ƙafar ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. An sa masa ruwa da allurai. Gobe babban likita zai zo ya faɗi abin da za a yi.

Mun ci kofi, Ate. Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki, Santoy

Santa Rufina
28 ga Satumba

'Yata Luningning,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Ni ne da hannuna, kin san ban iya dogon rubutu ba.

Na dawo gida. Zazzaɓi ya tafi. Ina cin abinci, ina shan maganin, Santoy na tsaye a kaina kamar ɗan sanda.

Ki rubuta wa Ninong ɗinki ki gode masa. Kada ki roƙe shi komai, godiya kawai. Maganar wasiƙarki ta wuce, ban riƙe ki ba. Uwarki ma da abin da za ta yi ke nan.

Takalmi ya yi daidai, kin iya zaɓe. Na sa su duka biyu sau ɗaya, daga tasha ta uku zuwa gida, kuma ya ishe ni. Na dama yana ƙafata yanzu haka. Na hagu Kopyong ya tura ni a keken marasa lafiya na kai wa San Roque, na ajiye kusa da karensa. Daga gwiwa zuwa ƙasa suka cire.

In za ki zo Disamba ki taho mini da safa. Kada ki wahalar da kanki neman mai sayar da ɗaya, ki sayi biyun, zan riƙa canzawa.

Ubanki, Eusebio Dimaculangan